Tarihin Lambobin da Suka Gagari Rabo, Daga Ƙashin Ishango Zuwa Mai Alƙaluma Miliyan 41

Jihar Kaduna tana da ƙananan hukumomi 23, kuma duk iya lissafin ɗan siyasa bai isa ya raba su daidai wa daida tsakanin mazaɓun sanata uku ba. Shiyyar arewa, inda Makarfi da Ikara da Kudan suke, ta tashi da takwas, ta kudu takwas, ta tsakiya bakwai. Da shiyyoyin biyu ne, ko huɗu, ko biyar, haka za a yi ta samun ragowa, domin 23 ba ta rabuwa sai dai a bar ta dunƙule ko a warwatsa ta ɗai-ɗai. Dillalin rake a kasuwar Makarfi ya san wannan tun kafin malamin lissafi ya faɗa masa. Dami 24 zai rabu tsakanin mutum biyu, ko uku, ko huɗu, ko shida, ko takwas, ko goma sha biyu ba tare da gardama ba. A ɗauke dami ɗaya, to sai an kwance wani kafin kowa ya samu nasa.

Irin waɗannan lambobi, 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, 19, 23 da sauransu, su ne gagara-rabo. Kowace lamba da ta wuce 1, ko dai ita kanta gagara-rabo ce, ko kuwa an same ta ne ta hanyar ninka waɗansu gagara-rabo da juna, kamar yadda 60 take 2 sau 2 sau 3 sau 5. A watan Oktoba na 2024 aka gano wadda ta fi duk waɗanda aka sani girma, mai alƙaluma 41,024,320. Babu wanda ya zauna ya gwada raba ta da lambobin da ke ƙasa da ita, don ko an haɗa kwamfutocin duniya kaf ba za su gama ba. Amma masana sun tabbata ba ta rabuwa, tabbaci irin na biyu da biyu huɗu. Yadda aka kai ga iya yanke wannan hukunci ba tare da an yi rabon ba, tafiya ce ta fiye da shekara dubu biyu, kuma ta ratsa ta zaurukan malamanmu.

Mafari

A 1950 wani masanin ƙasa ɗan Beljiyam, Jean de Heinzelin, ya tono wani ɗan guntun ƙashi a Ishango, bakin tafkin Edward a gabashin Kwango. An ƙiyasta ya kai shekara dubu ashirin. A jikinsa akwai zane-zanen tsaga jeri uku, kuma a jeri ɗaya tsagogin sun kasu 11, 13, 17 da 19, wato duk gagara-rabon da ke tsakanin 10 da 20. Waɗansu sun ce wannan shaida ce mutanen wurin sun san sirrin lambobin. Waɗansu sun ce ƙidayar kwanakin wata ce, waɗansu kuma sun ce dace ne kawai. Ƙashin yana nan a gidan tarihi na Brussels, kuma abin da kawai ya tabbata shi ne tsagogin. Fassararsu zato ce.

Rubutaccen tarihi ya fara ne a Iskandariyya ta Masar, wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, da littafin Euclid, wanda Larabawa ke kira Uƙlidis. Shi ya fara kafa hujjar cewa gagara-rabo ba su da iyaka, kuma hujjar tana da sauƙin da ɗan sakandare zai bi. A ɗauki duk jerin da ake taƙama da shi, a ninka su da juna, a ƙara ɗaya. Duk wadda aka ɗauko daga jerin aka raba sabuwar lambar da ita, ɗaya zai rage. Ke nan ko sabuwar lambar gagara-rabo ce, ko akwai wata a wajen jerin da take raba ta. A gwada da 2, 3, 5, 7, 11 da 13: za a samu 30,031, wadda take 59 sau 509, kuma duka biyun ba sa cikin jerin.

Uƙlidis ya bar wani abu na biyu wanda shi ne silar farautar da ake yi har yau. Akwai lambobin da ake kira kammalallu, waɗanda in aka tara duk lambobin da ke raba su, ban da su kansu, sai a dawo kansu: 6 ita ce 1 da 2 da 3, 28 kuma 1 da 2 da 4 da 7 da 14. Ya nuna cewa in aka fara daga 1 ana ninkawa, 2, 4, 8, 16, 32, aka cire ɗaya, aka tarar abin da ya rage gagara-rabo ce, to akwai kammalalliyar lamba a tare da ita. Ninki biyu ya ba da 3, abokiyarta 6. Ninki uku ya ba da 7, abokiyarta 28. Ninki biyar ya ba da 31 da 496, ninki bakwai ya ba da 127 da 8,128. A nan ilimin mutanen wancan zamani ya tsaya.

Ba da jimawa ba Eratosthenes, haifaffen Cyrene a ƙasar Libiya ta yau, wanda ya shugabanci ɗakin karatu na Iskandariyya, ya zo da dabarar da ake kira rariya. A rubuta lambobi a jere, a soke duk ninkin 2, sannan duk ninkin 3, sannan na 5, abin da ya tsira shi ne gagara-rabo. Rariyar tana fitar da 25 a ƙasa da ɗari, 168 a ƙasa da dubu, 78,498 a ƙasa da miliyan. Suna raguwa in aka yi nisa, amma ba sa ƙarewa.

Bagadaza, Alƙahira, Marrakesh

A zamanin Haruna Rashid da ɗansa Ma'amun, ƙarshen ƙarni na 8 da farkon na 9, Hajjaj ɗan Yusuf ɗan Matar ya fassara littafin Uƙlidis zuwa Larabci a Bagadaza. Waɗanda suka karanta shi ba su tsaya a haddacewa ba. Sabit ɗan Ƙurra, wanda ya rasu a 901, ya ɗauki batun lambobi masoya, irin 220 da 284: tarin masu raba 220 ya ba da 284, tarin masu raba 284 ya ba da 220. Ya fitar da ƙa'idar samar da irinsu, kuma ƙa'idar ba ta aiki sai an samu gagara-rabo uku a tsari na musamman. A wannan misali su ne 5, 11 da 71, domin 220 ita ce 4 sau 5 sau 11, 284 kuwa 4 sau 71. Ibn Khaldun ya ambata a Muƙaddima cewa masu ɗalasimai suna amfani da waɗannan lambobi biyu wajen aikin mahabba. Ko aikin yana ci, wannan magana ce ta masu shi. Lissafin dai daidai yake.

Wajen shekara ta 1000, Ibn Haisam, wanda aka haifa a Basra ya yi zamansa a Alƙahira, ya yi amfani da wata alama da ta bambanta gagara-rabo da sauran lambobi. A ɗauki 7, a ninka duk lambobin da ke ƙasa da ita, 1 zuwa 6, a samu 720, a ƙara ɗaya. Sai ga 721, wadda take 7 sau 103 cif. Duk gagara-rabo haka take yi, kuma babu wata lamba sama da 1 da ba gagara-rabo ba da za ta yi hakan. Littattafan yau suna jingina wannan ga wani Bature, John Wilson, saboda an buga ta da sunansa a 1770. Muhimmancinta shi ne ta nuna ana iya gane gagara-rabo ta wata siffa tata, ba dole sai an bi ta da rabo ɗaya bayan ɗaya ba. Aibinta kuma, ninke-ninken sun fi rabon wahala.

A Marrakesh, Ibn Banna, wanda ya rayu daga 1256 zuwa 1321, ya rage wa masu rariya aiki: ba sai an gwada duk lambobi ba, a tsaya a wadda in an ninka ta da kanta za ta kai lambar da ake bincike. Shekarar Hijira 1447 misali ce mai kyau. Tunda 39 sau 39 ta wuce ta, gagara-rabo goma sha biyu kawai za a gwada, daga 2 zuwa 37. Babu wadda ta raba ta.

A zauren malam

Ta hanyar littattafan fiƙihun Malikiyya wani sashe na wannan ilimi ya shigo ƙasar Hausa, kuma ya zauna daram a babin gado. Muhtasar na Halil ɗan Ishaƙ, malamin Alƙahira na ƙarni na 14, littafi ne da manyan ɗalibai ke saukewa a zaurukan Zariya, irin na unguwar Juma da Kona, kuma daga nan ilimin ya bazu zuwa garuruwan ƙasar Zazzau, har da Makarfi da Ikara da Hunkuyi. Duk wanda ya kai babin fara'ili ya san kalmomi huɗu: tamasuli, tadahuli, tawafuƙi da tabayuni. Lambobi biyu ko dai iri ɗaya ne, ko ƙaramar tana shiga babbar, ko akwai wata ta uku da ke raba su duka, ko kuwa babu abin da ya haɗa su sai 1.

Ga yadda abin yake aiki. Mutum ya rasu ya bar mata uku da 'ya'ya maza biyar. Matan suna da tumuni, don haka asalin mas'ala takwas ne: kashi ɗaya na mata, bakwai na 'ya'ya. Ɗaya ba ya rabuwa ga uku, bakwai ba ya rabuwa ga biyar. Malam zai duba 3 da 5, ya ga tabayuni ne, ya ninka su ya samu 15, ya ninka da 8 ya samu 120. Kowace mace ta ɗauki 5, kowane ɗa ya ɗauki 21, babu karaya. Da matan huɗu ne 'ya'yan shida, sai ya ce 4 da 6 sun yi tawafuƙi da rabi, ya ninka 4 da 3, mas'ala ta gyaru a 96: mace 3, ɗa 14.

Abin sha'awa shi ne hanyar da Halil ya bayar ta gane wace alaƙa ce ke tsakanin lambobi biyu. A yi ta cire ƙaramar daga babbar, sannan a yi ta cire ragowar daga ƙaramar, haka har a ƙare. In 1 ya rage, tabayuni ne. In wata lamba ce ta ƙarar da su, ita ce mai raba su. Wannan ita ce hanyar da Uƙlidis ya buɗe littafinsa na bakwai da ita, kuma ita ce kwamfuta ke bi yau in tana haɗa makullin sirri. Alƙalin kotun shari'a da ke raba gonar rake tsakanin magada da ɗalibin lissafi na Jami'ar Ahmadu Bello aiki ɗaya suke yi, sai dai da wuya ka ji an gaya wa ɗayansu haka. Makarantun boko suna koyar da gagara-rabo a matsayin jerin da yaro zai haddace don jarrabawa, alhali misalin da ya fi kowane kusa da shi yana zauren unguwarsu.

Sunan da ƙasar Hausa ta fi fice da shi a tarihin lissafi shi ne Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashnawi, wato Bakatsine. Ya tafi aikin hajji, ya zauna a ƙasar Hijaz, sannan ya sauka a Alƙahira gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar, kuma a can ya rasu a 1741. Wajen 1732 ya kammala littafinsa Bahjatul Afaƙ kan ilimin haruffa da wafaƙi, abin da muke kira hatimi. A ciki ya bayyana hanyoyin cika hatimi mai gidaje mara, wato wutiri, yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da jimla ɗaya: 15 a mai gida uku-uku, 65 a mai biyar-biyar, 175 a mai bakwai-bakwai. Masu ba da labari sukan danganta karatunsa da makarantar Gobarau, amma abin da ke rubuce a hannu shi ne littattafansa da zamansa na Masar. Littafin hatimi ne, ba na gagara-rabo ba. Sai dai duk mai zana hatimi da tsallen doki irin na wasan shaɗaranji zai ci karo da su: a gida 5, 7, 11 ko 13 tsarin yana tafiya sumul har layukan karkace da suka karye su ma su daidaita, a gida 9 ko 15 kuwa sai ya cije, saboda 3 tana raba su.

Turai ta karɓi farauta

An daɗe a Turai ana zaton duk lokacin da adadin ninki ya zama gagara-rabo, abin da aka samu bayan cire ɗaya shi ma haka zai zama. A 1536 Hudalricus Regius ya rushe wannan: ninki 11 ya ba da 2,047, kuma ita 23 ce sau 89. Sharaɗin dole ne, amma bai wadatar ba. A 1588 Pietro Cataldi na Bologna ya tabbatar da ninki 17 da ninki 19, wato 131,071 da 524,287, ta hanyar rabo tsagwaronsa.

Sai wani limamin Kirista a Faransa, Marin Mersenne, wanda ɗakinsa a Paris ya zama matattarar wasiƙun masanan zamaninsa. A 1644 ya wallafa cewa daga 2 zuwa 257, ninkin da ke ba da gagara-rabo su ne 2, 3, 5, 7, 13, 17, 19, 31, 67, 127 da 257. Bai kawo hujja ba, kuma ba shi da halin gwada manyan. Ya yi kuskure biyar: 67 da 257 ba sa ciki, ya kuma tsallake 61, 89 da 107. An shafe kusan shekara ɗari uku kafin a gama tantance jerin. Duk da haka sunansa ne ya bi lambobin, har yau lambobin Mersenne ake ce musu.

Abokin wasiƙarsa, lauya Pierre de Fermat, shi ma ya yi nasa hasashen kan wani dangi dabam, inda ake ƙara ɗaya maimakon cirewa: 3, 5, 17, 257, 65,537. Ya ɗauka duk na gaba haka za su kasance. A 1732, daidai lokacin da Bakatsine ke kammala littafinsa, Leonhard Euler, saurayi ɗan Suwizalan da ke aiki a Rasha, ya nuna ta gaba, 4,294,967,297, ita ce 641 sau 6,700,417. Har yau ba a ƙara samun ko ɗaya a dangin Fermat ba bayan biyar ɗin nan. Euler bai samo 641 da lalube ba. Ya fara gano siffar da dole mai raba irin wannan lamba ta kasance da ita, sai 'yan takara suka ragu ƙwarai. Da irin wannan dabara, zuwa 1772, ya tabbatar da ninki 31, wato 2,147,483,647. Shi ne kuma ya cike gurbin da Uƙlidis ya bari, ya nuna duk kammalalliyar lamba shafa'i daga lambar Mersenne take fitowa. Ko akwai kammalalliya wutiri, wannan tambaya tana nan a buɗe.

1876: hukunci ba tare da rabo ba

Babban juyin ya zo ne daga Édouard Lucas, malamin makaranta a Faransa. Ana cewa tun yana ɗan shekara 15 ya fara kokawa da ninki 127. Abin da ya tabbata shi ne a 1876 ya sanar cewa 170,141,183,460,469,231,731,687,303,715,884,105,727 gagara-rabo ce. Alƙaluma 39, da hannu. Ta riƙe kambu shekara 75, kuma har yau ita ce mafi girma da aka tabbatar ba da na'ura ba.

Hanyarsa, wadda Ba'amurke Derrick Lehmer ya gyara a 1930, tana da sauƙin faɗi. A fara da 4. A ninka ta da kanta, a cire 2, a raba da lambar da ake gwadawa, a riƙe ragowar kawai. A maimaita, sau adadin ninkin ban da biyu. In an ƙare a sifili, gagara-rabo ce, in ba haka ba, tana rabuwa. A gwada da 31, wadda take ninki 5, don haka zagaye uku za a yi. Huɗu sau huɗu ban da biyu, 14. Goma sha huɗu sau goma sha huɗu ban da biyu, 194, ragowarta a kan 31 ita ce 8. Takwas sau takwas ban da biyu, 62, wato 31 sau biyu, babu ragowa. Shi ke nan. Wannan gwaji na lambobin Mersenne ne kaɗai, kuma shi ne dalilin da ya sa kusan kullum su ke riƙe da kambun girma. Ba wai sun fi sauran yawa ba ne, su ne ake da mabuɗin ƙofarsu.

Gwajin yana da wani hali mai ban mamaki: yana iya cewa lamba tana rabuwa ba tare da ya faɗi abin da ke raba ta ba. Lucas ya nuna ninki 67 na Mersenne kuskure ne, amma masu raba ta sai a watan Oktoba na 1903 aka gan su, shekarar da Kano da Sakkwato suka faɗa hannun Turawa. Frank Nelson Cole ya kawo su taron masana lissafi a New York: 193,707,721 sau 761,838,257,287. Labarin da ake bayarwa, wanda ya fito daga wani marubuci da aka sani da ƙara wa miya gishiri, shi ne Cole bai ce uffan ba. Ya hau allo ya lissafa ninkin a gefe ɗaya, ya ninka lambobin biyu a ɗaya gefen, suka yi daidai, ya koma ya zauna ana tafi. An ce da aka tambaye shi tsawon aikin, ya ce Lahadin shekara uku.

Zamanin na'ura

Ranar 30 ga Janairu 1952, Raphael Robinson ya sa wata kwamfuta mai suna SWAC a Los Angeles ta bi gwajin Lucas da Lehmer. A ranar ta fito da ninki 521 da 607, kafin shekara ta ƙare ta ƙara 1,279 da 2,203 da 2,281. Abin da ya ci wa mutane ƙarnuka, na'ura ta ninka shi cikin watanni. A 1963 Jami'ar Illinois ta samu ninki 11,213, murna ta sa ta riƙa buga shi a hatimin wasiƙunta. A 1978 'yan sakandare biyu a California, Laura Nickel da Landon Curt Noll, suka samu ninki 21,701.

A 1977 kuma gagara-rabo suka samu aikin yi a kasuwa. Rivest da Shamir da Adleman suka fito da tsarin ɓoye saƙo da ake kira RSA, wanda ya dogara da abin da ya wahalar da Cole: ninka manyan gagara-rabo biyu abu ne na ƙiftawar ido, amma a ba mutum sakamakon a ce ya nemo su, sai ya tsufa bai gama ba. Ɗan guntun ƙarfen da ke jikin katin ATM yana amfani da wannan tsari wajen tabbatar da cewa katin na gaske ne, don haka duk mai POS da ke zaune a bakin kasuwar Makarfi ko tashar Ikara yana jujjuya gagara-rabo yini guda. Sai dai nasa masu alƙaluma ɗaruruwa ne, kuma a ɓoye suke. Manyan na Mersenne ba su da amfani a makulli, tunda duniya duka ta san su. Inda farautar gagara-rabo ta yi rana shi ne gwajin na'ura. A 1994 Thomas Nicely yana lissafi kan tagwayen gagara-rabo, wato masu tazarar biyu kamar 11 da 13, ko shekarun 2027 da 2029, sai ya ga amsoshinsa suna karkacewa. Ashe ƙwaƙwalwar Pentium ce ke kuskuren rabo. Musanya ta ya ci wa kamfanin Intel dala miliyan 475.

A 1996 George Woltman ya kafa GIMPS, gayyar masu sa kai ta intanet: kowa ya sauke manhaja kyauta, a ba kwamfutarsa lamba ɗaya ta yi ta gwadawa. Tun daga ƙarshen wannan shekarar duk sabuwar lambar Mersenne ta hannun gayyar ta fito. A 1999 aka haye alƙaluma miliyan ɗaya, a 2008 wata kwamfuta a Jami'ar California ta Los Angeles ta haye miliyan goma, da alƙaluma 12,978,189, aka karɓi kyautar dala 100,000. A Disamba 2018 Patrick Laroche na Florida ya samu ninki 82,589,933. Daga nan sai shiru na kusan shekara shida.

Wanda ya kawo ƙarshen shirun shi ne Luke Durant, tsohon ma'aikacin kamfanin NVIDIA. Maimakon kwamfutar gida, sai ya yi hayar dubban na'urorin sarrafa hoto a cibiyoyin ajiyar bayanai na ƙasashe 17, aikin da rahotanni suka ce ya ci masa kusan dala miliyan biyu. Ranar 11 ga Oktoba 2024 wata na'ura a Dublin ta ba da alamar cewa ninki 136,279,841 ya tsallake gwajin farko, wanda ya samo asali daga wata ƙa'idar Fermat ta 1640. Wannan gwaji yana cewa ne kawai da wuya a ce lambar tana rabuwa. Washegari wata na'ura a San Antonio ta jihar Texas ta kammala gwajin Lucas da Lehmer, ta ƙare a sifili, kuma wannan ranar aka rubuta.

Lambar tana farawa da 881, tana ƙarewa da 551. Wanda zai karanta ta, alƙalami ɗaya a daƙiƙa, ba barci ba cin abinci, zai yi kusan kwana 475. A rubutun kwamfuta na sifili da ɗaya kuwa babu mai sauƙinta: ɗaya ce aka jera sau 136,279,841. In aka raba ta da 4, uku ke ragewa, kamar duk 'yan danginta. Ita ce ta 52 a lambobin Mersenne gagara-rabo da aka sani, kuma bisa ƙa'idar Uƙlidis ta zo da kammalalliyar lamba ta 52, mai alƙaluma fiye da miliyan 82.

Matsayinta na 52 na wucin gadi ne, domin a lokacin da aka sanar da ita ba a gama tantance duk ninkin da ke ƙasa da ita ba, kuma an taɓa samun wata ƙarama ta ɓullo bayan an yi bikin babba, kamar yadda ya faru a 2008 da 2009. Babu wanda ya kafa hujjar cewa lambobin Mersenne gagara-rabo ba su da iyaka, haka ma tagwaye. Gidauniyar Electronic Frontier ta Amurka, wadda ta biya kyautar alƙaluma miliyan goma, ta ajiye dala 150,000 ga wanda ya fara kawo mai alƙaluma miliyan ɗari, da dala 250,000 ga mai biliyan ɗaya. Kafin a taɓa ta farkon, sai adadin ninki ya haura miliyan 332.